Eriya a hanyar Kwame Danso: yadda wani mai rediyon sha'awa a Kumasi ya zaɓa wa motarsa

Wanda wannan nazari ya shafa makaniken lantarkin mota ne. Shagonsa yana Magazin na Suame, gidansa yana Aboabo, kuma a wajen aiki Masta ake kiransa, don haka ni ma haka zan kira shi. Yana da lasisin rediyon sha'awa daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, da lambar kira mai farawa da 9G kamar ta sauran masu lasisi a Ghana. Motarsa tsohuwar Land Cruiser ce mai injin dizal, da kariyar ƙarfe ta ɗora kaya a bisa. Dangin mahaifiyarsa manoman doya ne a ƙauyukan bayan garin Kwame Danso, wajen Kajaji da bakin tafkin Volta, saboda haka ko biki ko rasuwa ko girbi, ba ya rasa dalilin bin wannan hanya: Mampong, Ejura, Atebubu, sannan a yi gabas. Galibi motoci biyu suke tafiya, ƙanensa yana tuƙa ta biyun, shi ma da nasa lasisin. Da zarar an bar babbar hanya an shiga ta gona, sabis ɗin wayar salula sai ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, wani wurin ma babu shi sam.

Eriya ce ta sa muka zauna. Ya sayi wata doguwa, kusan mita ɗaya da rabi, mai gaɓoɓi da koyil a tsakani, irin wadda ake rubuta wa manyan lambobin desibel a jikin leda. Da farko a kan gindin maganaɗisu ya ɗora ta a rufin mota. A kwalta ba ta da laifi. A hanyar gona kuwa, reshen mangwaro ko na kashu yana taɓa ta sai ta kife, ta riƙa dukan gefen mota tana rataye a kebul har sai an tsaya. Ya sa aka yi mata maƙali a bambar gaba. Nan ta daina faɗuwa, amma gargada ta dinga kwance ƙananan sukurorin da ke riƙe gaɓoɓin, daga ƙarshe ta tsage a wuyan koyil na ƙasa. Lokacin da ya zo wurina zuciyarsa ta riga ta tafi kan eriyar nan mai kaurin gindi da ake gani a bambar motocin ƙungiyoyin agaji a Tamale. Ya ce, "Malam, ka faɗa mini wadda ta fi kowacce ƙarfi, in saya sau ɗaya in huta."

Da wa zai yi magana

Ban ambata masa sunan ko ɗaya ba sai da muka gano mutanen da yake son muryarsa ta kai gare su. Su biyu ne. Na farko ƙanensa, wanda tsakaninsu ba ya wuce 'yan kilomitoci, wani lokaci ƙura ce kawai ta raba su. Na biyu wani dattijo ne a Tafo ta Kumasi, tsohon ma'aikacin sadarwa da ya yi ritaya, mai tasha a gidansa, wanda duk muke kira Baba. Daga Atebubu zuwa wajen Kajaji, nisan Kumasi a miƙe yana tsakanin kilomita 130 da 200. Waɗannan ayyuka biyu ne da ba su haɗa hanya ba, kuma babu eriya ɗaya da za ta yi su duka da kyau a kan mota mai tafiya.

Na kuma tuna masa abin da ya riga ya sani, domin a nan mutane suke zamewa. Dokokin rediyo na duniya sun keɓe wannan fanni ga masu sha'awa da koyon fasaha, ba don neman kuɗi ba, kuma ba a ɓoye ma'anar magana a cikinsa. Zai iya cewa sun isa lafiya, ko mota ta kafe a rafi kaza. Cinikin doya da farashin masara a kasuwar Ejura ba nan ne wurinsu ba. Mai son rediyo don kasuwanci, lasisinsa daban ne a wajen NCA.

Tsakanin mota da mota

Aikin farko na zangon mita 2 ne, wato megahaz 144 zuwa 146 a yankinmu na Afirka da Turai. Sigina a nan kusan a miƙe take tafiya, kuma lanƙwasar ƙasa ce ke yanke ta. Eriyar da ke mita 2 daga ƙasa iyakarta wajen kilomita 6, motoci biyu a fili mai shimfiɗa su samu kusan 12. Kurmi da tudu suna rage wannan. A hanyar da Masta yake bi babu rifita, wato tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta nesa, da zai dogara da ita, sai abin da eriyarsa ta iya.

Zaɓi uku ne a gabansa. Akwai rubu'in zango, wato mai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon zangon, siririyar sandar ƙarfe ta santimita 49 ko 50. Akwai biyar bisa takwas, wajen mita 1.3 da koyil a gindi. Sai doguwa mai gaɓoɓi irin wadda ta karye masa.

Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Lambar desibel da ke jikin leda tana nufin an matse siginar ne, an hana ta hawa sama, an tura ta gefe-gefe. Siginar doguwar eriya kamar faifai take, shimfiɗaɗɗiya mara kauri. Idan mota tana tsaye daidai a kwalta, bakin faifan yana duban ɗayar motar. Idan ta karkata a kwari, ko ta kama hawa, ko iska ta lanƙwasa sandar baya, gefe ɗaya ya dubi sama, ɗayan ya dubi ƙasa, ribar da aka saya da kuɗi ta tafi inda babu kowa. Rubu'in zango siginarta mai kauri ce, karkatar mota ba ta dame ta ba. Biyar bisa takwas kan fi ta da abin da bai wuce desibel 3 ba, shi ma a lissafin takarda ne da shimfiɗar ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashi. A rufin mota na gaske ratar ba ta kai haka. Ba na raina desibel 2 ko 3. A bakin iyakar ji, su ne ke raba murya da shuu. Amma motocin Masta ba sa rabuwa har su kai wannan iyaka, sai nadiran.

Akwai kuma abin lura a rubutun ledar. Wasu suna auna riba da dBi, wasu da dBd, kuma tsakaninsu akwai 2.15. Eriya ɗaya ce za a rubuta mata 5 a wannan shago, a rubuta mata ƙasa da 3 a wancan.

Shawarata ita ce rubu'in zango, kuma dalilin da ya fi nauyi a wurina ba na sigina ba ne, na ƙarfe ne. Duk tsawon da aka ƙara wa sanda, ƙarfin da ke murɗa gindinta yana ƙaruwa, kuma kowace gaɓa wurin karyewa ce. Sandar rabin mita ba ta da koyil, ba ta da gaɓa, reshe ya doke ta sai ta kwanta ta miƙe. Tana kuma amsa zangon santimita 70, megahaz 430 zuwa 440, ko da yake a can siginar takan ɗan yi sama. Masta ya yi shiru yana juya ta a hannu. Na san abin da ke ransa, ba ta da kwarjini. Mun daidaita a kan ya sayi biyar bisa takwas mai gindi iri ɗaya ya ajiye bayan kujera, ya ɗaura ta idan yana kwalta ko ya tsaya a kan tudu.

Huda rufi

Gardamar da ta fi tsawo a kan maƙali aka yi ta. Rubu'in zango rabin eriya ce, ɗaya rabin jikin mota ne. Tana bukatar ƙarfe shimfiɗe a ƙarƙashinta, aƙalla rabin mita ta kowane gefe, kuma wurin da ke da wannan a mota shi ne tsakiyar rufi. A bamba, jikin motar yana tare siginar ta baya, ga eriyar ta sauko daga tsayin rufi da wajen mita ɗaya, ga shi nan ne girgiza ta fi tsanani. Mutanen Ostareliya suna sa eriya a ƙarfen gaban mota, gaskiya ne, amma irin tasu an ƙera ta ne don ta yi aiki ba tare da shimfiɗar ƙarfe ba, da sifirin mai kauri a gindi. Gindin maganaɗisu kuwa, ban da faɗuwa, ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashinsa ta goge fenti, kebul ɗin da aka bi da shi ta bakin ƙofa yana matsewa har ruwa ya samu hanya.

Abin da na ba shi shawara shi ne gindin NMO, wanda Motorola ta fito da shi don motocin aiki. Rami ɗaya ake hudawa na milimita 19. Haƙoransa suna cizon ƙarfen rufi ta ciki, zoben roba yana tare ruwa ta waje, kuma ko an cire sandar ruwa ba ya shiga mota. Irin gindin nan mai kama da bakin kebul, SO-239, ya fi yawa a kasuwa, amma a wajen tare ruwa da jure girgiza bai kai NMO ba.

Masta bai so huda rufin ba. Ya ce ranar da zai sayar da motar, mai saye zai ga rami ya rage kuɗi. Damuwa ce ta gaske, ban ce masa ba komai ba ne. Na dai nuna masa cewa akwai murfin da ake toshe ramin da shi, kuma zanen da maganaɗisu ya riga ya yi wa fentin ya fi ramin muni. Matsala ta biyu kariya ce, wadda ta zo har saman gilashin gaba. Sanda a tsakiyar ƙarafan kariya, da buhuna a kewaye, ba za ta yi aiki ba. Mai walda na kusa da shagonsa ya rage kariyar daga gaba, ya bar fili sama da kujerun gaba. Aka huda kusa da fitilar cikin mota, inda ake iya sa hannu a ja kebul ba tare da an sauke silin duka ba. Kebul RG-58 ne, bai kai mita 5 ba, asararsa a wannan zango wajen desibel ɗaya. Na nace a sayi mai saƙar tagulla cikakkiya, domin akwai wanda in ka fere shi saƙar 'yar kaɗan ce. Da aka auna, SWR, awon da ke nuna daidaiton eriya da rediyo, wanda ƙanƙantarsa ake so, ya tsaya ƙasa da 1.5 daga farkon zangon zuwa ƙarshensa, ba a yanke ko santimita ɗaya ba.

Muryar da za ta kai Tafo

A nan ne Masta ya kusa zuba kuɗi inda ba za su biya bukatarsa ba, kuma a nan lamarin ya fi bukatar natsuwa.

Kilomita 150 ta fi ƙarfin mita 2, sai gajeren zango. Shi kuma ba ta ƙasa yake kaiwa ba. Siginar tana hawa sama ta tarar da wani sashe mai caji da hasken rana ke haifarwa, kimanin kilomita 250 zuwa 400 daga ƙasa, ta lanƙwaso ta sauko. Wanda yake son ta sauka a Italiya ko Barazil, a kwance yake harba ta. Wanda yake son ta sauka a Kumasi daga Kwame Danso, dole ta tashi kusan a tsaye, sama da digiri 70. Masu rediyo suna kiran wannan hanya NVIS, kuma ita ce sojoji da ma'aikatan agaji suke dogara da ita a daji da tsakanin duwatsu. To sandar da ke tsaye a mota, saitin kanta ne wurin da ta fi rauni. Siginarta ta ƙasa tana mutuwa bayan 'yan gomman kilomita, ta sama kuma tana tsallake ɗaruruwa kafin ta sauka. Tafo tana cikin wannan rata. Shi ya sa mutum zai yi hira da Turai daga bakin tafki, amma Baba bai ji ko tarinsa ba.

Rauni na biyu gajarta ce. Rubu'in zango a megahaz 7, wato zangon mita 40, mita 10 ne, a megahaz 3.5, wato zangon mita 80, mita 20. Sandar mota ba ta wuce mita biyu da rabi, sai a cike giɓin da koyil. Irin wannan sanda, juriyar da ke mai da wuta sigina ba ta wuce om 2 ko 3 a megahaz 7, ƙasa da om ɗaya a 3.5, alhali juriyar asara a koyil da jikin mota da ƙasa takan haura om 10. Ma'ana, cikin wat 100 da rediyo ya fitar, abin da ke tashi a mita 40 wajen kashi ɗaya cikin goma ne ko ɗan sama da haka, a mita 80 kuwa kashi biyu ko uku cikin ɗari. Sauran zafi ne. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, asara mai yawa tana gyara awon SWR. Sai ka ga allura ta kwanta, mutum yana murna, ba komai ya kwantar da ita ba sai wutar da ke ƙonewa a banza.

Da wannan a zuciya muka duba abin da ke kasuwa. Eriyar motocin agaji da ya gani galibi ta Codan ce ko Barrett, dukansu kamfanonin Ostareliya. Codan 9350 tana daidaita kanta daga megahaz 2 zuwa 30, kuma don irin wannan hanya aka gina ta. Kaya ne nagari. Amma an tsara ta ne ta yi aiki da rediyon kamfaninta, haɗa ta da rediyon sha'awa sai da ƙarin na'ura, tana da nauyi, kuɗinta kuma ya ninka na duk abin da muka saya daga baya. Sannan ita ma sanda ce a tsaye. Masu amfani da ita idan suna son magana ta kusa, sai sun ƙara mata tsawo sun lanƙwaso ta bisa rufi. Akwai masu ƙaramin moto a ciki da ke tsawaita koyil, irin ATAS-120A ta Yaesu, wadda ke farawa daga megahaz 7, ba ta sauka mita 80. Suna da daɗin aiki a gari. Ni dai duk abin da ke da moto da sassa masu zamewa, ina ɗar-ɗar da kai shi inda jar ƙura da gargada suke yini suna aiki a kansa. Akwai sandar ƙarfe zalla da na'urar daidaitawa a gindinta, kamar AH-4 ta Icom, mai ƙarfi a jiki amma mai asara a ƙananan zanguna. Sai mafi araha, sandar faiba mai zango ɗaya, wadda ake sauyawa idan za a sauya zango.

Tambayar da ta warware lamarin ita ce, shin dole ne ya yi magana da Baba mota tana tafiya? Ya yi tunani ya ce a'a. Ai suna tsayawa salla, suna tsayawa cin abinci, kuma ranar da mota ta lalace a tsaye take. Da ma dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta hana direba riƙe na'urar sadarwa yana tuƙi, shi ya sa ko a mita 2 yaron da ke gefensa ne ke riƙe makirfo.

Idan a tsaye za a yi magana, eriyar da ta fi dacewa waya ce. Dayifol, wato eriyar waya mai hannu biyu, ta zangon mita 40 tsawonta mita 20 ne da 'yan kai, goma kowane hannu. Aka ƙara wa kowane hannu wani yanki da ake haɗawa da ɗan maƙali, ta zama wajen mita 39 don mita 80. Tsakiyarta tana hawa sandar faiba mai zugewa ta mita 7 da ake ɗaurewa a jikin kariya, ko a jefa igiya a reshen kaɗanya. Hannuwan suna gangarowa, a ɗaure bakinsu sama da kan mutum. Waya a kwance kuma kusa da ƙasa haka, sama take tura siginarta, daidai inda ake so, kuma mafi yawan wutar da aka ba ta tana tashi. Wat 20 a wannan waya ya fi wat 100 a sandar mota idan Kumasi ake nema. Duk kayan suna shiga jakar makaranta, kuma shi da kansa ya yanka wayar ya haɗa, da 'yar na'urar awon eriya ta NanoVNA a hannu yana aunawa.

Dalilin da ya sa na nace a kan yankin mita 80 shi ne, sashen saman nan ba kullum yake mai da megahaz 7 a tsaye ba. Da rana yana yi, sau da yawa har bayan magariba. Can cikin dare zuwa asuba cajinsa yana raguwa, siginar ta huda ta wuce, sai an sauko 3.5. Ƙarfinsa kuma yana bin zagayen rana na kimanin shekara 11. Zagayen da muke ciki, na 25, ya kai ƙololuwa wajen 2024, saboda haka shekarun da ke tafe bukatar mita 80 ƙaruwa za ta yi.

Bai haƙura da sandar mota gaba ɗaya ba, ni ma ban so ya haƙura ba. Ya sayi na faiba guda biyu, ta mita 40 da ta mita 20, ta biyun don nishaɗin hira da nesa. An yi musu maƙali a baya, mai haɗe da shasi, da sifirin mai kauri, aka ɗaga shi yadda koyil zai rabu da jikin mota. Ƙofar baya mai ɗauke da safaya ba a yarda da ita ba, domin hinji ba ya ba da at mai kyau, wato haɗin lantarki da jikin mota. An sa igiyar nailan da ke jawo kan sandar gaba idan za a shiga ƙarƙashin itatuwa. Lanƙwasawar tana ɗan taimaka wa siginar sama, amma tana sauya daidaiton sandar, sai an sake aunawa. Akwai kuma abin da ya fi itace haɗari: wayoyin wuta da suka yi ƙasa a lungunan Aboabo da Asawase da cikin ƙauyuka. Ƙa'idar da ya ɗaukar wa kansa ita ce, a cikin gari sandar tana kwance.

Wuta, at da ƙara

A wannan ɓangare shi ne malamina, sana'arsa ce. Rediyon wat 100 yana jan sama da amfiya 20 idan ana magana, don haka ya ja waya mai kauri kai tsaye daga batir da fis a kusa da shi. Ya cire kan batir kafin a yi waldar maƙali. Abin da na ƙara masa shi ne ɗaure sassan mota da faffaɗar saƙar tagulla: bonet da jiki, ƙofofin baya da jiki, jiki da shasi, salansa da shasi. Wutar batir tana wucewa ta ƙusa mai tsatsa ba gardama, amma sigina ba haka take ba, kuma gajeriyar sanda duk abin da aka rage na asara a jikin mota riba ce a gare ta. An kuma naɗa kebul a zoben ferayit kusa da gindin sandar, don kada sigina ta biyo bayan kebul ta dawo cikin mota.

Tsohon injin dizal ba shi da fulogin da tartsatsinsa ke jawo ƙara a rediyo, don haka ya kamata rediyo ya yi tsit. Duk da haka akwai ƙara a mita 40. Ya bi fis ɗaya bayan ɗaya yana cirewa har ya kama masu laifin: fitilar LED da ya ƙara a gaba, da wata cajar waya mai araha a soket. Cajar ya jefar, fitilar kuma ana kashe ta idan za a saurara.

Abin da aka gani a hanya

Sun tsara da Baba lokaci biyu a yini, da hantsi da kuma bayan la'asar, suka kauce wa tsakar rana lokacin da ƙasan sararin ke shanye sigina. Sun kuma yi alkawari cewa idan lokaci biyu suka wuce a jere bai ji su ba, zai buga waya ga dangi a Kwame Danso a bi sawu. A ganina wannan alkawari yana cikin kayan aikin, domin eriya ba ta amfani idan babu mai saurare a ɗaya gefen.

'Yar sandar rufi ta sha dukan rassa ba ta nuna alama ba. Cikin gonakin kashu da itatuwan tik motocin suna jin juna a 'yan kilomitoci, a filin bayan Ejura kuwa har sun ɓace wa juna da nisa murya tana nan. A kan tudun Mampong ya ɗaura biyar bisa takwas ya samu Baba a mita 2, da suka gangara ta ɓace, kamar yadda aka zata. Daga gonar kawunsa ya gwada eriyoyin gajeren zango iri biyu a jere, a zango ɗaya. Da sandar mota, Baba ya ce yana jin alamar mutum amma ba ya rarrabe kalma. Da wayar, a wat 20, ya ce, "Yanzu na ji ka, ɗana, ina su Hajiya?"

Wani abin da ba mu sa a lissafi da farko ba shi ne yara. Mota ta tsaya a ƙauye an zaro sanda mai tsawo, kafin ka juya sun kewaye ta. Bakin waya da jikin sandar mota suna ɗaukar wuta mai ƙuna lokacin da ake magana. Yanzu ƙanensa ne ke tsare wurin, bakin wayar kuma ba ya sauka inda hannu zai kai. Idan hadari ya haɗo ana sauke komai, ba a jira ɗigon farko. Kwafin lasisi yana cikin aljihun mota, domin a shingen 'yan sanda eriya tana jawo tambaya, kuma takarda ta fi dogon bayani saurin sallama.

Da a ce Masta direban ƙungiya ne da dole a same shi kowane lokaci yana tafe, ko mutum ne da ba ya son taɓa waya da awo, da eriya mai daidaita kanta zan nuna masa, duk tsadarta. Shi ba haka yake ba.

Abin da bai warware ba tukuna mita 80 ne. Da damina ƙarar tsawa tana cika wannan zango da dare, sai an ƙara wuta, batir kuma ba ya son haka idan inji a kashe yake. Mita 39 na waya ma ba ko'ina take samun wuri ba tsakanin kunyoyin doya. Babbar matsalar tana Tafo: filin gidan Baba bai kai tsawon wayar ba. Yanzu suna gwada sa koyil a kowane hannu na dayifol ɗinsa ta mita 40 don ta amsa megahaz 3.6, sun san za ta yi asara kuma faɗin zangonta zai matse, don haka sun tsayar da wuri ɗaya a zangon da za su riƙa haɗuwa, a kansa za a daidaita ta.